Amsoshin Wasiƙunku: Yadda Bashi Ya Cinye Ƙasar Masar

TAMBAYA: Wani manomin auduga daga yankin Funtuwa, wanda ya roƙi a sakaya sunansa, ya rubuto yana tambaya: wai shin gaskiya ne bashi yana iya sa a ƙwace ƙasa sukutum da guda, kamar yadda ake ƙwace gonar da aka jinginar? In ya taɓa faruwa, a ina ne, kuma a wane zamani? Shi kuma wani ɗan kasuwar hatsi daga Maraɗi cewa ya yi: me ya sa in kasuwa tana ci masu kuɗi ke bin mutum har gida suna tallar bashi, amma ranar da ta faɗi sai a neme su a rasa?

AMSA:  Mun haɗa tambayoyin nan biyu ne domin amsarsu tana cikin tarihin ƙasa guda. A rediyo lokaci bai ishe mu ba, shi ya sa muka kawo cikakken bayanin a wannan shafi. A taƙaice dai, ƙwarai kuwa, ya taɓa faruwa. Ƙasar Masar ta ci babban bashinta na farko a Turai a shekarar 1862, sojojin Ingila kuma suka mamaye ta a 1882. Shekara 20 ke nan cif. Kuma malam manomi, abin da zai ba ka mamaki shi ne, audugar nan da kake nomawa ita ce mafarin zancen.

YADDA AKA FARA

A wancan zamani Masar tana ƙarƙashin Sarkin Santanbul ne a suna, wato Daular Usmaniyya, amma ainihin mulki yana hannun gidan Muhammadu Ali, wanda ya riƙe ƙasar daga 1805 zuwa 1848. A zamaninsa ne, wajen 1820, wani Bafaranshe mai suna Jumel ya tsinci wata irin auduga mai dogon zare a wani lambu a Alkahira. Da aka gwada ta aka ga masaƙun Turai suna rububinta, sai Muhammadu Ali ya sa aka baza irin a gonakin bakin Kogin Nilu. Duk da yaƙe-yaƙensa da manyan ayyukansa, tsohon nan bai yarda ya ci bashin bankunan Turai ba. Ɗansa Sa'idu, wanda ya hau a 1854, shi ya buɗe wannan ƙofa.

A shekarar da ya hau, Sa'idu ya ba abokinsa Ferdinand de Lesseps izinin haƙa mashigin ruwa na Suwez, wanda zai haɗa Bahar Rum da Bahar Maliya. Aka kafa kamfani, aka kai hannayen jari kasuwa, ba su sayu duka ba. Sai wajen kashi 44 cikin 100 suka faɗa wuyan baitulmalin Masar. Ban da wannan, ƙasar ta ɗauki alkawarin ba da leburori, aka riƙa ɗibar talakawa wajen dubu 20 a kowane wata zuwa aikin tilas. Aljihu ya yi sanyi, a 1862 Sa'idu ya ci bashin fam miliyan 3 da 'yan kai ta hannun masu banki na Landan. Ya rasu a farkon 1863, ɗan wansa Isma'ila ya gaje shi.

Ana nan sai ga wani abu ya taso daga can ƙetaren teku. A 1861 yaƙin basasa ya ɓarke a Amurka tsakanin Arewa da Kudu. Masaƙun Ingila kuwa fiye da kashi uku cikin huɗu na audugarsu daga kudancin Amurka take zuwa. Jiragen yaƙin Arewa suka toshe tashoshin ruwan Kudu, auduga ta yanke. A kasuwar Liverpool, laba ɗaya ta auduga da ba ta wuce kwabo 7 ba a 1860, sai ga ta ta haura kwabo 27 a 1864. Ninki huɗu ke nan. Dillalan Turai suka bazama duniya neman auduga, suka dira a Iskandariya da jakunkunan zinariya.

Masarawa suna auna auduga da wani ma'auni da suke kira kantar, nauyinsa wajen kilo 45. A 1861 sun fitar da kimanin kantar dubu 600. Zuwa 1865 abin ya kai miliyan 2. Kuɗin da talakan Masar bai taɓa mafarkin gani ba suka shigo ƙauye.

BASHI YA SHIGA ƘAUYE

Ka san halin auduga, malam manomi. Tana son iri, tana son ruwa, tana son ƙwadago, sannan ka jira watanni kafin ka ga ko anini. Wanda ke son ya ƙara faɗin gona dole ya nemi kuɗi a hannu. Sai ga masu ba da bashi, galibinsu Girkawa da mutanen Sham, sun cika ƙauyuka. Su da kansu a bankunan Iskandariya suke karɓo kuɗin, bankunan kuma a Landan da Faris. Kowa ya ɗora ribarsa, kafin kuɗin su iso hannun manomi ruwansu ya kai kashi 3 ko fiye a kowane wata. Mu yi lissafi: in ka karɓi 100, kashi 3 a wata ya zama 36 a shekara, ban da ruwan da ke hawa kan ruwa. Wannan ɗan'uwan ba-da-kaka ne da kuka sani, sai dai shi da takarda yake tafe.

Muddin auduga tana tsada, babu wanda ya ji nauyin abin. Aka yi aure kan aure, aka sayi gwala-gwalai da tufafin siliki, har da masu sayen bayi da ake kawowa daga Sudan. Mutane da yawa suka rage noman alkama da wake suka zuba auduga. Ana cikin haka annobar shanu ta faɗo a 1863, ta kashe dabbobin noma ba adadi, aka sake cin bashi don sayen wasu. Ƙasar da tun zamanin Annabi Yusufu take ciyar da maƙwabta, sai ga ta a 1864 tana sayo hatsi daga waje.

A watan Afrilun 1865 yaƙin Amurka ya ƙare. Farashi ya fara gangara, zuwa 1867 laba ta dawo wajen kwabo 11. Bashin kuwa bai ragu da ko kwabo ba. Wanda ya ci bashi yana lissafin kantar ɗaya za ta biya, yanzu sai ya ba da biyu ko fiye. Gwamnati ta ga ƙauyuka za su tashi, sai ta ɗauki basussukan manoma da yawa a kanta, a kan za ta riƙa karɓa daga gare su sannu a hankali. A watan Mayun 1866 wani babban gidan kuɗi na Landan mai suna Overend Gurney ya karye, masu kuɗi suka ɗaure bakin jaka, kamfanoni da dama na Iskandariya suka bi shi.

ISMA'ILA DA MANYAN AYYUKA

Da hankali ya yi aiki, a nan ya kamata a ja birki. Amma Isma'ila mutum ne mai dogon buri. Ya yi karatu a Faris, yana son Masar ta zama tamkar wani yanki na Turai tun yana raye. Kuma a faɗi gaskiya, ya yi aiki. Ya shimfiɗa layin dogo na ɗaruruwan mil, ya ja wayar tangarahu, ya gyara tashar jiragen ruwa ta Iskandariya, ya buɗe makarantu, ya haƙa magudanan ban ruwa. Babbar magudanar Ibrahimiyya da aka gama a 1873 har yau tana shayar da gonaki. Da ya ga auduga ta faɗi sai ya koma ga rake, ya kafa masana'antun sukari masu tsada a gandayensa, waɗanda suka kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar noman Masar.

Sai dai ba duk kuɗin ne suka shiga abin da zai haifi kuɗi ba. Da ya hana kamfanin Suwez aikin tilas, kuma ya nemi a mayar wa ƙasa wasu filaye, aka kai ƙara gaban Sarkin Faransa Napoleon na Uku, wanda matarsa 'yar'uwar de Lesseps ce. A 1864 ya yanke cewa Masar ta biya kamfanin diyyar sama da fam miliyan 3. A 1866 Isma'ila ya yarda ya kusan ninka harajin da yake aika wa Santanbul kowace shekara domin sarauta ta tsaya a kan 'ya'yansa, a 1867 kuma aka ba shi laƙabin Khidiwi. Ranar 17 ga Nuwamba 1869 aka buɗe mashigin Suwez da gagarumin biki. Aka gayyato sarakuna da manyan Turai, Masar ta ɗauki nauyin ci da sha da masauki, aka gina fadoji da gidan wasa a Alkahira.

Ga kuma yaƙe-yaƙe. A 1874 aka ci Darfur da yaƙi, wato ƙasar da alhazanmu masu tafiyar ƙasa suke ratsawa. Babban wanda ya yi aikin shi ne Zubairu, kuma a cikin jarumansa akwai Rabeh, wanda daga baya ya yo yamma ya ci Borno a 1893. A 1875 da 1876 kuma sojojin Masar suka afka wa Habasha, aka fatattake su har sau biyu, dukiya mai yawa ta salwanta.

Duk wannan da bashi aka yi shi. An ci a 1864, an ci a 1865, 1866, 1867, 1868 da 1870. Mafi girma shi ne na 1873, fam miliyan 32. To, a nan ne nake son Alhaji ɗan kasuwa ya buɗe kunne. Isma'ila ya sa hannu a kan miliyan 32, amma abin da aka lissafa ya shigo masa bai wuce miliyan 20 ba. Sauran sun tafi a ragin da aka yi wa masu sayen takardun bashin da la'adar masu banki. Ruwan kashi 7 kuwa a kan miliyan 32 ake lissafa shi, wato miliyan 2 da dubu 240 a shekara. In ka auna wannan da miliyan 20 da suka shigo, ruwan ya haura kashi 11. In aka haɗa manyan basussukan daga 1862 zuwa 1873, a takarda sun kai wajen fam miliyan 68, amma abin da ya shiga baitulmali bai kai miliyan 50 ba.

Ban da waɗannan akwai ƙananan takardun bashi na 'yan watanni, masu ruwan kashi 15 ko 20, wani lokaci ma fiye. In wa'adin wata takarda ya cika, sai a rubuta sabuwa a biya tsohuwa. Babban bashin 1873 ma don a biya irin waɗannan aka ci shi. A 1871 kuma aka fito da wata dabara mai suna Muƙabala: duk mai gonar da ya biya harajin shekara shida a dunƙule, za a yafe masa rabin haraji har abada. Kuɗi sun shigo a lokacin, amma kun ga an cinye irin shuka ke nan. A 1874 aka mayar da ita dole, manoma da yawa suka koma wurin masu ba da bashi domin su biya.

RANAR BIYA

A watan Oktoban 1875 gwamnatin Santanbul ta ba da sanarwar cewa ba za ta iya biyan cikakken ruwan basussukanta ba. Masu kuɗin Turai suka ce, in uban gida ya gaza, yaya yaron gida? Aka daina ba Masar sabon bashi. Wanda kuwa yake biyan tsoho da sabo, ranar da sabo ya yanke ranar asirinsa ke tonuwa.

A watan Nuwamba Isma'ila ya sa hannayen jarin ƙasarsa na Suwez a kasuwa, guda 176,602. Firayim Ministan Ingila, Disraeli, ya ranto fam miliyan 4 daga gidan Rothschild ya saye su tun kafin majalisa ta zauna. Wani abin takaici, ribar waɗannan hannayen jari Isma'ila ya riga ya jinginar da ita har zuwa 1894, saboda haka sai da Masar ta riƙa biyan Ingila kashi 5 a shekara a madadinta. Kamar mutum ne ya sayar da saniya, sannan ya ci gaba da sayo wa mai sayen nono. Kuɗin kuwa ba su yi wata shida ba suka narke. A watan Afrilun 1876 Masar ta dakatar da biya. Da aka tattara lissafi a watan Mayu, bashin ya kai fam miliyan 91, alhali duk abin da ƙasar ke samu a shekara bai kai miliyan 10 ba.

Daga nan masu bin bashi suka shigo cikin gida. Aka kafa Hukumar Asusun Bashi, da wakilan Faransa, Italiya da Austiriya, na Ingila ya biyo baya a 1877. Harajin larduna huɗu, da kuɗin kwastan na Iskandariya, da wasu hanyoyin samun kuɗi, aka ce kai tsaye wurin wannan hukuma za su riƙa zuwa. Aka naɗa Bature ɗaya na Ingila da ɗaya na Faransa su sa ido a kan shige da ficen kuɗin gwamnati. A 1877, cikin kimanin fam miliyan 9 da rabi da aka tara, wajen miliyan 7 da rabi masu bin bashi suka kwashe. In aka cire harajin Santanbul da biyan Ingila, abin da ya rage a tafiyar da ƙasa bai fi miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Ma'aikata da sojoji suka yi watanni ba albashi.

Wa ya ɗauki nauyin? Talaka mana. A 1877 Kogin Nilu bai kawo ruwa sosai ba, gonaki da yawa ba su nomu ba. A 1878 kuma ya yi ambaliya. Yunwa ta shiga kudancin ƙasar, dubban mutane suka mutu. Duk da haka gwamnatocin Faransa da Ingila suka nace sai an biya kason watan Mayun 1878, wajen fam miliyan 2. Masu karɓar haraji suka shiga ƙauyuka da dorina, wadda Masarawa ke kira kurbaj. Mata suka sayar da 'yan kunne da awarwaro, maza suka sayar da amfanin gona tun yana tsaye, a kan farashin wulaƙanci.

Akwai kuma sababbin kotuna da suka fara aiki a 1876, masu alƙalai Turawa da 'yan ƙasa, don shari'a tsakanin baƙi da Masarawa. A da yana da wuya mai bin bashi ya raba manomi da gonarsa. Dokar waɗannan kotuna ta ba shi dama ya sa a yi gwanjon gonar da aka jinginar. Da masu kuɗi suka ga haka sai suka ƙara sakin hannu, tun da yanzu akwai abin kamawa. Basussukan jinginar ƙasa da aka yi wa rajista sun tashi daga wajen fam dubu 500 a 1876 zuwa wajen miliyan 7 cikin shekara shida. Manoma da yawa suka wayi gari 'yan ƙwadago a gonakin da suka gada.

A 1878 aka tilasta wa Isma'ila ya sa Turawa biyu a majalisar ministocinsa, Rivers Wilson na Ingila a kan kuɗi, de Blignières na Faransa a kan ayyuka. Don tsimi suka mayar da hafsoshin soja 2,500 kan rabin albashi, hafsoshi suka yi bore a Fabrairun 1879. A watan Afrilu Isma'ila ya kori Turawan. Ƙasashen Turai suka matsa wa Sarkin Santanbul, Abdulhamidu na Biyu, ranar 26 ga Yuni 1879 ya aiko da wayar tangarahu ya tuɓe shi, ya naɗa ɗansa Taufiƙ. Isma'ila ya bar ƙasar, bai sake komawa da rai ba, ya rasu a Santanbul a 1895. A 1880 aka yi dokar da ta ware kusan rabin kuɗin shigar ƙasa don biyan bashi. Aka soke Muƙabala, waɗanda suka biya harajin shekara shida suka tashi da 'yar diyya kaɗan. Kashi 15 na ribar mashigin Suwez da ya rage wa Masar, shi ma a shekarar aka sayar wa wani bankin Faransa.

Tura ta kai bango. Wani kanar ɗan manomi mai suna Ahmad Urabi ya tsaya da sojoji a ƙofar fadar Abdin ranar 9 ga Satumba 1881, yana neman majalisar wakilai da gyaran mulki. Kirarin mutanensa shi ne Masar ta Masarawa ce. A ƙauyuka har an riƙa raɗe-raɗin zai yafe wa manoma basussuka. Da majalisar ta nemi ta sa baki a rabin kasafin kuɗin da ba na masu bin bashi ba, Ingila da Faransa suka ce ba su yarda ba. Rikici ya ɓarke a Iskandariya a watan Yunin 1882, ranar 11 ga Yuli jiragen yaƙin Ingila suka yi wa birnin ruwan wuta, ranar 13 ga Satumba kuma aka karya sojojin Urabi a Tel el-Kebir. Aka kai shi gudun hijira tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yau. Ingila tana da wasu dalilai, musamman tsare hanyarta ta zuwa Indiya, amma bashi ne ya buɗe mata ƙofa. Turawan sun ce na ɗan lokaci suka zo. Hukumar Asusun Bashi ba a rushe ta ba sai 1940, sojan Ingila na ƙarshe kuwa bai bar Masar ba sai 1956, shekarar da Jamal Abdul Nasir ya mayar da mashigin Suwez mallakar ƙasa.

ME YA SA SUKE TALLAR BASHI?

Yanzu ga amsar Alhajinmu na Maraɗi. Masana tattalin arziki suna kwatanta irin wannan hali da kumfa, irin ta sabulu, wadda ke cika kwano alhali ruwan da ke ƙasa bai fi cokali biyu ba. Ga yadda take tashi. Farashin wani kaya ya hau. Gonar da ke ba da kayan ta yi daraja, mai ba da bashi ya ga abin jingina ya ƙaru, sai ya ƙara bayarwa. Kuɗin bashin suka shiga kasuwa suka ƙara ɗaga farashin gona da shanu da ƙwadago, sai kowa ya ga ai arziki ne ke ƙaruwa, aka sake ci. Shi dillalin bashi kuwa tun ranar sa hannu ya cire la'adarsa. Bankunan da suka shirya wa Isma'ila bashi, yawancin takardun sayar da su suke yi ga ƙananan masu ajiya a Ingila da Faransa. Ko a biya ko kada a biya, su sun ci nasu. Wannan ya sa suke bin mutum har gida.

Ranar da farashi ya juya, komai sai ya koma da baya. Abin jingina ya rage daraja, mai bin bashi ya tsorata ya ce a biya shi yanzu, masu bashi suka fito da kaya kasuwa a lokaci guda, farashi ya ƙara faɗuwa. Shi ma mai ba ka bashin ana binsa a sama, shi ya sa ka neme shi ka rasa, ko kuma ka gan shi da sammaci.

Manyanmu sun ga irin wannan da idonsu. Kuɗin man fetur ya ninka wajen sau huɗu a 1973 zuwa 1974, Nijeriya ta ci bashin dala biliyan 1 a 1978, mai ya faɗi bayan 1981, aka shiga matsin tsarin SAP a 1986. Sai a 2005 aka daidaita da ƙungiyar masu bin bashi ta Faris, suka yafe dala biliyan 18, Nijeriya ta biya wajen biliyan 12. Nijar ma haka ta sha da yuraniyom, wanda ya yi tsada a shekarun 1970 ya faɗi a farkon shekarun 1980, ya bar ta da bashi.

ABIN LURA

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ba mu ce kada a ci ba, manomi da ɗan kasuwa ba sa rabuwa da lamuni. Hukuncin riba kuwa sananne ne, malamai sun yi bayaninsa, mu tarihi muke bayarwa. Amma kafin ka ɗora hannu a takarda, ko ta banki ce, ko ta kamfanin da ke ba da iri da taki a biya da kaka, ko ta mai kuɗin unguwa, ka tambaya nawa ne zai shigo hannunka, nawa kuma za ka mayar gaba ɗaya. Ka yi lissafin biya da farashin shekarar da kasuwa ta mutu, domin farashin bana ba alkawari ba ne. In rabin farashin yau ba zai fitar da kai ba, bashin ya fi ƙarfinka. Ka bambanta bashin da zai haihu, irin na taki da shanun huɗa da jarin kaya, da wanda za a cinye a biki cikin kwana uku. Kada tsadar auduga ko riɗi ko waken suya ta sa ka bar rumbu ba gero. Ranar da ka ga kana ranto na wane don ka biya wane, ka tsaya nan, ka je ka zauna da mai bin ka tun kana da abin sasantawa, kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Kuma a rubuta komai a gaban shaidu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Gonar abinci kuwa a yi nesa da ita wajen jingina. Su kansu Turawan da suka mulki Masar sai da suka ga abin ya yi yawa, a 1912 suka yi dokar hana ƙwace gonar ƙaramin manomi saboda bashi, in ba ta wuce faddan biyar ba, wato wajen eka biyar. Amma kafin dokar ta zo, gonaki da yawa sun riga sun tafi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Allah ya rufa mana asiri, ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai ci. A ci gaba da aiko da wasiƙu, a riƙa rubuta tambaya ɗaya a kowace takarda domin kowa ya samu shiga.